Injin Peke-peke a Ƙauyen Bakin Kogi: Bitar Ɗan Mishan Mai Iyali

Duk iyalin da aikin bishara ya kai su zama a ƙauyen bakin kogi cikin kurmin Amazon na ƙasar Peru, bayan sun samu wurin kwana, abu na gaba da zai sha musu kai shi ne abin hawa. Lardin Loreto, inda muke zaune, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 368,000, amma hanyoyin motarsa ba su taka kara sun karya ba, kuma wadda ta fi kusa da mu ita ce ta tsakanin birnin Ikitos da garin Nauta, mai tsawon kimanin kilomita 100. Daga Nauta zuwa sama, kogin Maranyon da rassansa su ne hanyar kasuwa, su ne hanyar asibiti, su ne kuma hanyar zuwa wa'azi. Saboda haka na ga ya dace in rubuta abin da na gani game da injin kwale-kwale mai doguwar jela, wanda mutanen nan suke kira peke-peke, musamman mai ƙarfin doki 13, domin shi muke amfani da shi ni da maiɗakina da yaranmu tun zuwanmu wannan ƙauye. Ra'ayina shi ne, ga iyalin da suka zo zama na dindindin, babu injin da ya kai shi dacewa, duk da cewa yana da wani rauni guda mai nauyi wanda zan yi bayaninsa dalla-dalla.

Ƙirarsa ba ta da wani sarƙaƙiya. Injin fetur ne mai silinda ɗaya, iska ce ke sanyaya shi, kuma wanda ya san injin niƙa ko na ban ruwa zai gane shi da kallo ɗaya, don kusan abu guda ne. Ana ɗora shi a kan wani ƙarfe mai juyawa a ƙarshen kwale-kwale, sannan a haɗa masa bututu mai tsawon mita 2 zuwa 3 wanda sandar ƙarfe ke juyawa a cikinsa, a can ƙarshe kuma ƙaramar farfela ce mai kunne biyu. Ta gaba akwai mariƙi wanda matuƙi ke karkata injin da shi dama ko hagu, ko ya danna shi ƙasa don farfelar ta fito daga ruwa. Ba shi da giya, ba shi da ribas, kuma da zarar an ja igiya ya tashi, farfela ta fara juyawa ke nan. Ana samun na kamfanoni da dama a Ikitos da Nauta, daga na Honda da na Briggs & Stratton har zuwa masu araha da ake shigowa da su daga China, kuma yawancinsu ƙira ɗaya suke bi, har ma kayan gyaran wani kan shiga wani. Abin da zan faɗa a nan ya shafi irin injin ne gaba ɗaya, ba na wani kamfani shi kaɗai ba.

Babban dalilin da ya sa wannan inji ya mamaye kogunan nan shi ne halin ruwan kansa. A yankin Ikitos kogi yakan cika ya batse a watannin Afrilu da Mayu, ya janye sosai a Agusta da Satumba, kuma bambancin tsayin ruwa tsakanin lokutan biyu yakan kai kusan mita 10. A lokacin cika, ruwa yana shiga cikin kurmi har ƙarƙashin gidajenmu da aka gina a kan dogayen sanduna, kuma yara sukan sauka daga matakalar gida kai tsaye cikin kwale-kwale. A wannan lokaci mutum yana iya yanke hanya ta tsakanin itatuwa ya rage tafiyar awanni, amma ƙarƙashin ruwan cike yake da saiwoyi da kututture da ciyayi masu naɗe farfela. Idan ruwa ya janye kuwa, ƙoramar da ta haɗa ƙauyenmu da babban kogi takan koma wurin da ruwa bai wuce gwiwa ba, ga tudun yashi nan da can, ga itatuwan da suka faɗi sun gitta hanya. A duka yanayin biyu, matuƙin peke-peke yana iya ɗaga jelar injin cikin ƙiftawar ido, ya bar farfela tana taɓa saman ruwa kawai, kwale-kwalen ya ci gaba da tafiya a inda injin da ake ratayawa a bayan jirgi, mai ƙafa a cikin ruwa, zai kafe ko ya karye. Farin da aka yi a 2023 da 2024, wanda ya sa ma'aunin kogin Negro a birnin Manaus na Brazil ya sauka zuwa mita 12.70 sannan zuwa mita 12.11, ya taɓa kogunan Peru ma, kuma a irin wannan shekara ƙauyuka da yawa babu abin da ke isa gare su sai ƙaramin kwale-kwale mai wannan inji.

Rayuwar gidanmu ta yau da kullum tana bin bayan injin fiye da yadda na zata kafin mu zo. Da asuba, kafin rana ta yi zafi, nakan ɗauko shi daga ƙarƙashin gida in kai bakin ruwa, domin ba a barin inji ya kwana a kwale-kwale, kuma nauyinsa ya haura kilo 30 ban da bututun jelar, saboda haka idan gaɓa ta yi santsi sai an kama mini. Maiɗakina tana koyar da yaranmu karatu a gida da safe, da yamma kuma tana zama da matan ƙauye masu koyon karatu da rubutu, don haka yawancin tafiye-tafiyen tsakiyar mako ni da wani dattijon ikilisiya muke yi, zuwa ƙananan ƙauyukan da ke sama da mu inda babu mai koyar da Littafi Mai Tsarki. Ranar Lahadi ko ranar da ake aikin gayya a gonar wani, kwale-kwalen yakan cika da mutane da rogo da ayaba da kaji, kuma a nan ne ƙarfin doki 13 yake nuna amfaninsa, don yana tura kaya masu nauyi a kan igiyar ruwa ba tare da ya shaƙe ba. Idan kayan abinci da magunguna da littattafan yara sun ƙare, mukan gangara har babban kogi mu jira manyan jiragen fasinja da ke zirga-zirga tsakanin Yurimaguwas da Ikitos, mu ɗaure kwale-kwalenmu a wurin wani ɗan'uwa mai bi har mu dawo. Wani lokaci ina tuna Samuel Fritz, wani limamin Katolika na ƙungiyar Jesuit wanda ya yi shekaru yana bin waɗannan koguna da filafili kawai, har aka buga taswirarsa ta Amazon a birnin Kito, na ƙasar Ekwado ta yanzu, a 1707, sai in ga cewa jinkirin da nake kuka da shi ba komai ba ne.

Inda injin ya fi burge ni shi ne wajen gyara, kuma a nan zan ɗan daɗe. A ƙauyenmu babu makanike mai shago, amma kusan kowane magidanci ya san cikin wannan inji tun yana yaro, domin shi ya ga mahaifinsa yana kwancewa. Wata rana muna dawowa daga wani ƙauye injin ya fara tari yana ɗaukewa, can sai ya mutu gaba ɗaya, muka tuƙa da filafili zuwa wani tudun yashi. Dattijon da ke tare da ni ya ce, "Ɗan'uwa, miƙo mini kwalbar nan da sifana." Ya rufe famfon mai, ya kwance notin da ke ƙasan kafireta, ya juye abin da ke cikin ɗan kofin a kwalba, ya ɗaga ta sama don in gani, ga ruwa ya kwanta a ƙasa fetur yana bisa. Ya busa ƙaramin ramin da mai ke bi, ya goge fulogi da gefen rigarsa, ya tace sauran fetur ɗin da ƙyalle yana tsiyayawa a hankali don kada na ƙasan jarka ya biyo, ya mayar da komai, ya ja igiya sau biyu injin ya tashi. Duk aikin da sifana ɗaya da sukundireba ɗaya aka yi shi. Da a ce injin zamani ne mai na'urorin lantarki a ciki, da sai dai mu jira wani ya ja mu, sannan a kai shi birni a jira kayan gyara.

Wannan sauƙin gyara yana da wata fa'ida da ta wuce ta aljihu, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai a matsayina na ɗan mishan. Baƙon da ya zo ƙauye da niyyar koyarwa yana cikin haɗarin zama mutumin da kullum shi ke bayarwa, shi ke da amsa, shi ke da kayan da babu mai irinsu. Injin da yake daidai da na maƙwabta yana rage wannan tazara sosai. Su ne suka koya mini yadda ake karanta fuskar ruwa, inda ɗan murɗawar igiya ke nuna kututture a ƙasa, da inda launin ruwa ke nuna yashi. Su ne suke ara mini farfela idan tawa ta karye, ni ma in ara musu fulogi, kuma zaman da muke yi a bakin ruwa ana kwance inji ya buɗe mini ƙofofin hira da ban samu a cikin majami'a ba. Na tabbata da mun zo da jirgi mai gudu wanda babu mai iya taɓa shi sai ni, da zamanmu da mutanen nan ya ɗauki wani salo dabam.

Abin da ya fi lalacewa shi ne farfela. Yawancin waɗanda ake sayarwa na alminiyom ne marasa kauri, kuma idan suka bugi itace kunnensu yakan karye nan take. Da farko abin yana ba ni haushi, amma daga baya na gane cewa karyewar farfela mai araha ita ke hana bugun ya isa ga sandar ƙarfe da cikin injin, inda gyara yake da tsada. Ba a fita tafiya sai da farfela biyu ko uku a ajiye, da noti na ƙari, domin notin da ya suɓuce ya faɗa kogi ya tafi ke nan. Igiyar tayarwa ma takan tsinke saboda laima, bututun salansa kuma yakan yi tsatsa da wuri. Game da baƙin mai, littafin da ke zuwa da irin waɗannan injina yakan ce a canza shi bayan awa 20 na farko, sannan duk bayan awa 100, kuma mai ƙarfin doki 13 yana ɗaukar kimanin lita 1.1. Ina ba da shawarar a bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa, don injin da iska ke sanyayawa, yana aiki awanni a jere cikin zafin kurmi, baƙin mai ne kaɗai kariyarsa. Akwai kuma wata na'ura da wasunsu ke zuwa da ita, mai kashe inji idan baƙin mai ya yi ƙasa. A kan ƙasa abu ne mai kyau, amma a kwale-kwale inda ake karkata injin koyaushe, takan kashe shi ba gaira ba dalili, wani lokaci a tsakiyar igiyar ruwa mai ƙarfi. Mutane da yawa suna cire wayarta, kuma wanda ya yi haka ya ɗaukar wa kansa nauyin duba ma'aunin baƙin mai kowace safiya ba fashi.

Wajen cin fetur injin yana da tattali, kuma ba a buƙatar haɗa masa fetur da baƙin mai kamar yadda ake yi wa injinan jirgi masu bugu biyu. Wannan yana da muhimmanci, domin da galan ake sayar da mai a nan, kuma duk nisan da ka ƙara daga Nauta, farashinsa a sol, kuɗin Peru, yana ƙara hawa, ingancinsa kuma yana raguwa. Mai gida a ƙauye irin wannan ba shi kaɗai ke amfani da jarkarsa ba. Za a zo aron galan ɗaya don kai mara lafiya, ko don zuwa neman takardar haihuwar yaro, kuma ni da maiɗakina mun ga ya fi mana kwanciyar hankali mu ware wani kaso na mai wanda dattawan ikilisiya ke kula da shi saboda larura, maimakon mu zama masu yanke hukunci kan wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba.

Yanzu ga rauninsa. Peke-peke ba ya sauri, kuma idan rai yana cikin haɗari wannan jinkiri yana da ɗaci ƙwarai. Mafi yawan masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a Peru a Loreto suke, ga macijin nan mai dafi da ake kira hergon, wanda ke yawan sarar mutane a gonaki da bakin ruwa, ga kuma naƙuda da takan zo da gardama cikin dare. Tafiyar da jirgi mai injin doki 40 ko 60 zai yi cikin awa biyu ko uku, mu tana iya cinye mana yini guda idan muna hawa sama da kaya. Na taɓa tuƙa wani saurayi da maciji ya sara zuwa ƙaramin asibitin da ya fi kusa da mu, cikin dare, ƙaninsa yana kwance a goshin kwale-kwale da tocila yana haska itatuwan da ruwa ke ɗauke da su yana nuna mini hagu ko dama, mahaifiyarsa kuma tana riƙe da ƙafar da ke ta kumbura. Allah ya sa ya rayu, amma duk tsawon tafiyar ina jin cewa injin ya ba da iyakar abin da yake da shi kuma bai isa ba. Duk iyalin da ke da ƙananan yara su san da wannan kafin su yanke shawara, su kuma tanadi wata hanya ta daban domin gaggawa, ko dai yarjejeniya da mai jirgi mai gudu a babban kogi, ko hanyar sadarwa ta rediyo ko ta tauraron ɗan'adam da za a kira taimako ya tare su a hanya.

Ƙararsa ma ba ƙaramar matsala ba ce. Matuƙi yana zaune dab da salansa, kuma masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da nuna cewa ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85, idan ana shan ta awa 8 a rana, tana lalata ji sannu a hankali. Bayan doguwar tafiya kunne yakan yi ta amsa kuwwa har dare, hannu kuma ya yi sanyi saboda girgizar mariƙi. Muna sa abin toshe kunne, yara kuma muna zaunar da su can gaba. Ba a iya hira a cikin tafiya sai da alamar hannu, wanda hakan asara ce ga mai son amfani da awannin hanya wajen koyon harshe daga abokan tafiyarsa.

Batun tsaron yara ina so iyaye su ɗauke shi da gaske. Farfela a fili take ba murfi, kuma idan matuƙi ya juya jelar injin don ya yi kwana ko ya tsaya, takan bi ta sama da ruwa kusa da gefen kwale-kwale, a daidai inda yaran ƙauye ke iyo a bakin mashaya. Dokarmu ita ce a kashe inji tun da sauran tazara, a ƙarasa da filafili. Haka nan duk wani sashe mai juyawa yana iya kama dogon gashi ko gefen zane. A Brazil, yawan mata da 'yan mata da sandar injin jirgi ta fizge musu fatar kai ya sa aka kafa doka a 2009 da ta wajabta rufe sassan inji masu juyawa, kuma ko da yake yawancin waɗancan haɗurra a jiragen da injinsu ke tsakiya suka faru, darasin ya shafe mu, musamman idan an cire murfin wurin igiyar tayarwa ana naɗa igiya da hannu, kamar yadda ake yawan yi idan murfin ya lalace. 'Yarmu ba ta shiga kwale-kwale sai gashinta a ɗaure, kuma kowane yaro da rigarsa ta hana nutsewa, ko da ya iya iyo.

Wanda zai saya zai tarar da ƙanana masu ƙarfin doki 5.5 ko 6.5, waɗanda nauyinsu bai wuce kimanin rabin na babban ba, kuma mace ko matashi zai iya ɗauka shi kaɗai. Sun fi dacewa da zuwa gona ko kamun kifi a tafki, amma ga iyali mai mutum biyar ko shida da kayan wata guda, a kan igiyar Maranyon lokacin cikar ruwa, ƙarfinsu ya yi kaɗan. Kafin a biya kuɗi, a fara tambayar mutanen ƙauyen da za a zauna wane iri ne ya fi yawa a wurinsu, a sayi irinsa, domin a wurinsu za a riƙa samun kayan gyara. A je shago tare da ɗaya daga cikinsu, a sa a tayar da injin a gabanku, a mirgina sandar jelar a kan daɓe mai sumul marar tudu da kwari a ga ko ta miƙe, don sandar da ta ɗan lanƙwashe tana cinye bututu kuma tana ƙara girgiza. A daidaita tsawon jelar da tsayin bayan kwale-kwalen da za a ɗora ta, kuma a haɗa da farfela, fulogi, igiya da baƙin mai masu yawa tun a Ikitos ko Nauta, inda suka fi araha kuma aka fi samun na ƙwarai.